Tattaki a Hamada Don Tara wa Yara Kuɗi: Yadda Ake Yin Sa da Inda Kuɗin Ke Tafiya



'Yan'uwa, duk shekara daga watan Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da zafin Sahara ke ɗan sassautawa, jiragen sama kan sauke rukunin Turawa a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, kowa da jakarsa a baya da takalmin tafiya. Cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan fansho, da ɗalibai. Ba yawon buɗe ido kaɗai ya kawo su ba. Sun zo ne su taka hamada da ƙafa na kwana huɗu ko biyar, wajen kilomita 100, domin wata ƙungiya mai kula da yara marasa lafiya, ko marayu, ko masu fama da yunwa ta samu kuɗi.

Ga mu da muke zaune a bakin wannan hamada, abin da ban mamaki. Mu dai mun san ana shiga Sahara ne don dole: ko fatauci, ko neman abin kai wa baka, ko gudun wata masifa. Ba mu saba jin mutum ya biya kuɗi don a kai shi inda zai sha wahala ba. Amma yanzu al'adar ta fara isowa gare mu. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Turai suna shiga, kuma saƙon neman gudummawa yakan faɗo wayar 'yan'uwansu na gida. Ƙungiyoyin agaji na Musulmin Birtaniya, irin su Islamic Relief da aka kafa a birnin Bamingam a 1984, su ma suna shirya wa matasansu irin wannan, ko hawan dutse ko doguwar tafiya. Don haka ya kamata mu san yadda abin yake. Abu na farko da za a riƙe shi ne, gumin matafiyi ba shi ke ciyar da yaro ba. Tafiyar hanya ce ta roƙo, kuma ana auna ta ne da abin da ya isa hannun yaran bayan an cire kuɗin jirgi da na raƙumi.

Me ya sa wahala ke buɗe aljihu?

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mutum zai zaɓi ƙungiyar da yake son taimaka wa, ya yi rajista da kamfanin da ke shirya tafiyar, sannan ya sanar da dangi da abokai da abokan aiki cewa ran kaza ga wata kaza zai shiga hamada, yana roƙon kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa da sunan tafiyar. A da, takarda ake yawo da ita, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya yi alkawari, wani ma ya ce zai ba da kaza a kan kowane mil da aka taka. Yanzu yawanci ta intanet ake biya, ta hannun kamfanoni irin su JustGiving, kuɗin su wuce kai tsaye asusun ƙungiyar ba tare da sun bi ta aljihun matafiyin ba. A Birtaniya akwai wani ƙarin alheri daga gwamnati, tsarin da ake kira Gift Aid: idan mai bayarwa yana biyan haraji, ƙungiyar za ta karɓi ƙarin kashi 25 cikin 100 daga hukumar haraji, wato kyautar fam 100 ta zama fam 125.

To, me ya hana a roƙi mutane kawai ba tare da wannan gajiya ba? Ƙungiyoyin sun daɗe da gane halin ɗan Adam. Save the Children, alal misali, tun 1919 take roƙo, lokacin da wasu mata biyu 'yan gida ɗaya, Eglantyne Jebb da Dorothy Buxton, suka kafa ta saboda yaran da yunwa ta kama a Turai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda aka nuna wa hoton yaro mai ƙafafu kamar sillen kara sau ɗaya zai ji tausayi, sau goma kuwa sai ya kau da kai. Amma idan maƙwabcinka ne, wanda ka san ko hawa bene yana sa shi haki, ya ce zai taka kilomita 100 a rairayi, sai ka tsaya ka saurara. Kana bayarwa ne saboda shi. Abin ya yi kama da gudummawar biki a wurinmu: sau da yawa ba ka san amarya ba, ba ka san ango ba, amma ka san wanda ya kawo maka goron gayyata, kuma darajarsa kake dubawa. Matafiyin yana ara wa ƙungiyar mutuncinsa ne, ya kai saƙonta gidajen da ita ba za ta taɓa shiga ba. Ga kuma ranar tashi da aka tsayar, wadda ke hana mutane cewa sai wata mai zuwa.

Hanyar da suke bi

Mafi yawan waɗannan tafiye-tafiye a kudu maso gabashin Maroko ake yin su. Daga Marrakesh mota ke ɗaukar mutane ta haye duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tichka, mai tsayin mita 2,260, ta gangara Warzazat, ta bi kwarin kogin Dara mai gonakin dabino har Zagora, daga nan zuwa Mahamid inda kwalta ta ƙare. Tafiyar yini guda ce cur. A Zagora akwai wani sanannen allo da aka rubuta cewa daga nan zuwa Tumbuktu kwana 52 ne, wato a kan raƙumi, abin da ke tuna wa mai wucewa cewa wannan tsohuwar hanyar ayari ce da ta haɗa Maroko da ƙasashenmu. Daga Mahamid ake nufar tuddan rairayi na Shagaga. Wasu kuma gabas suke yi, wajen Marzuga, inda tuddan Shabbi suke kai mita 150.

Wanda bai san hamada ba yana zaton rairayi ne daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Sahara ta kai murabba'in kilomita miliyan 9, amma tuddan rairayi ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu nata ba. Saura fako ne, da tsakuwa, da fa, da busassun koramai. Matafiyan ma yawancin kwanakinsu a kan tsakuwa suke yi, hotunan da suke aikawa gida ne kawai na kan tudu.

Ana iya tambaya, me ya sa Maroko, ba Tenere ba, alhali duk wanda ya ga biyun ya san wadda ta fi girma da kwarjini? Kusanci na ciki, don daga Landan zuwa Marrakesh bai kai awa huɗu a jirgi ba. Amma babban dalili tsaro ne. Akwai lokacin da baƙi ke ratsa yankinmu da ƙafa: daga Nuwamba 2006 zuwa Fabrairu 2007 wasu mutum uku, Ray Zahab da Charlie Engle da Kevin Lin, sun yi gudu daga gaɓar teku a Sanagal har Bahar Maliya a Masar cikin kwana 111, suka bi ta Muritaniya da Mali da Nijar da Libiya, suna jawo hankali kan matsalar ruwan sha. Ba a jima ba ƙofa ta rufe. A watan Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu kusa da garin Aleg a Muritaniya, aka soke tseren motoci na Dakar na 2008, aka mai da shi Kudancin Amurka. A arewacin Nijar tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba 2010 suka kori baƙi daga Agadas. Kamfanonin inshora ba sa ɗaukar nauyin wanda ya je inda gwamnatinsa ta ce kada a je, kuma babu ƙungiyar agajin da za ta tura masu tara mata kuɗi ba inshora.

Abin da jiki ke gani

Ranar tafiya takan fara kafin fitowar rana. A sha shayi da burodi, a naɗe tantuna a ɗora wa raƙuma, a kama hanya da sanyin safiya. Matafiyi ba ya ɗaukar komai sai 'yar jaka mai ruwa lita biyu ko uku da ɗan abin taɓawa. Tanti da abinci da jarkokin ruwa duk suna kan raƙuma ko cikin mota. Idan rana ta take, a nemi inuwar itacen ƙaya a yada zango, mai dafa abinci ya yi aikinsa, a huta har ta ɗan karkata, sannan a ci gaba zuwa masauki. A yini akan yi kilomita 15 zuwa 25. A kan hanya mai kyau wannan ba wani abu ba ne, manomi ma yakan yi kusan haka ranar kasuwa. Rairayi ne ke canza lissafi, domin ƙafa tana nutsewa a kowane taki, ƙarfin da za a kashe ya ninka na kan fako sau biyu ko fiye. Wajen hawan tudu kuwa, ka yi taki uku, rairayi ya mai da kai ɗaya.

Ruwa shi ne maganar farko kuma shi ne ta ƙarshe. Mai tafiya cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya a awa, wani lokaci fiye. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne iskar hamada busasshiya ce, gumi na fitowa tana shanye shi, riga ba ta jiƙewa, sai ya zaci bai yi gumi ba. Kafin ya ji ƙishirwa jikinsa ya riga ya fara cin bashi. Shi ya sa jagorori ke matsa wa mutane su riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ba su ji ƙishi ba, kuma su duba fitsarinsu: idan ya yi ja, ko an yini ba a yi ba, akwai matsala. Ga kuma kishiyar wannan, wadda mutane da yawa ba su sani ba. Gumi da gishiri yake fita. Wanda ya dinga ɗura ruwa zalla ba tare da ya ci abu mai gishiri ba, gishirin jininsa zai tsinke, ya fara ciwon kai da amai da ruɗewa, abin ya iya kai shi ga suma ko mutuwa, alhali cikinsa cike da ruwa. Maganin ba baƙo ba ne ga iyayen yara a wurinmu, don shi ne ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa: lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ke ceton yaron da ake tara wa kuɗin shi ke ceton mai tara kuɗin.

Mafi haɗari shi ne bugun zafi, wato zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Alamarsa mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili. Nan ba a jira. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi hanyar fitar da shi. Kamfanin kirki yana tafiya da likita, da wayar tauraron ɗan Adam, da motar da za ta iya isowa. Wanda ba shi da waɗannan, komai arhar farashinsa, kasada yake sayarwa.

Sai dai abin da ya fi mai da mutane kan raƙumi tun kafin a gama ba zafi ba ne, ƙafa ce. Rairayi ya shiga takalmi, ya haɗu da gumi, ya goge fata kamar sabara, bororo ya tashi ya fashe, gobe kuma a sake taka shi. Ƙafa tana kumbura da zafi, don haka akan sayi takalmin da ya ɗan fi ƙafa girma, a yi watanni ana tafiya da shi kafin ranar tashi, a kuma ɗaura masa wani ƙyalle da ke rufe bakinsa har idon sawu. Wanda ya zo da sabon takalmi fil ya sayi wahala da kuɗinsa. Da dare kuma labari ya juya, domin a watan Disamba da Janairu sanyi kan sauka kusa da daskarewar ruwa, wanda ya yini yana neman inuwa ya kwana yana neman bargo. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama. Rawani kuwa, wanda baƙin ke saya a kasuwar Zagora suna koyon naɗawa ana dariya, ba su kai kwana biyu ba suke gane ba ado ba ne.

Musulmin da ya shiga irin wannan tafiya yana da sauƙin da aka yi wa matafiyi na kasaru, da na taimama idan ruwan da ke akwai na sha ne. Amma ya duba kalanda tun wuri, don a waɗannan shekaru azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar lokacin da kamfanoni ke shirya tafiyar.

Akwai mataki na gaba ga waɗanda tattaki bai ishe su ba, wato gasar Marathon des Sables. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya taka kilomita 350 shi kaɗai a hamadar Aljeriya cikin kwana 12 a 1984, bayan shekara biyu ya ƙirƙiro gasar a Maroko da mutum 23. Tsawonta wajen kilomita 250 ne cikin mako guda, kowa yana ɗauke da abincinsa da shimfiɗarsa a baya, ruwa da tanti kawai ake ba shi. Da yawa daga masu shiga suna tara wa wata ƙungiya kuɗi ne. A 1994 guguwar rairayi ta ɓatar da wani ɗan sandan Italiya mai suna Mauro Prosperi, ya yi fiye da mako yana yawo, ya sha fitsarinsa, ya ci jemagu a wani tsohon hubbare, sai a cikin ƙasar Aljeriya makiyaya suka tsince shi. A 2021, da annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa Oktoba, zafi ya yi tsanani har mutum ɗaya ya rasu, kusan rabin masu gudun kuma suka kasa ƙarasawa. Wani abin lura, waɗanda suka fi cin gasar 'yan yankin ne: Lahcen Ahansal, ɗan makiyaya daga wajen Zagora, ya ci sau 10.

Lissafin kuɗi

Nan ne ya kamata mai bayarwa ya buɗe ido. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: jirgi, da mota, da jagora, da raƙuma, da abinci, da likita, duk sai an biya. Tambayar ita ce, wa ke biya?

Hanya biyu ake bi. A ta farko matafiyi ne ke biyan dukkan kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa, duk abin da mutane suka bayar kuma ya tafi ga ƙungiyar. Wannan ba ta da ƙura. A ta biyu, matafiyi yana biyan ɗan kuɗin rajista ne kawai, sannan ya ɗauki alkawarin tara wani adadi da aka yanka masa. Daga cikin abin da ya tara ƙungiyar za ta biya kamfanin tafiya, abin da ya rage ya zama nata. A irin wannan tsari kuɗin tafiyar kan ci har kusan rabi. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, an ce ya tara fam 3,000, kuɗin tafiyarsa kuma fam 1,500 ne. Ke nan tsohuwar da ta ba shi fam 20 tana tunanin marayu, fam 10 nata kujerar jirgi da hayar raƙumi suka biya. Ba sata ba ce, kuma ƙa'idojin tara kuɗi na Birtaniya sun yarda da tsarin, amma sun wajabta a gaya wa masu bayarwa cewa wani kaso zai tafi ga kuɗin tafiya. Matsalar ita ce sau da yawa ana rubuta bayanin a ƙasa da ƙananan haruffa, hoton yaro kuwa a sama da girma. A ganinmu wanda ya zaɓi wannan hanya ya faɗa da bakinsa tun a jimlar farko, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kuɗin da aka karɓa da sunan yaro amana ne.

Wannan ya shafi zakka kai tsaye. Zakka tana da mutanen da aka ƙayyade mata, kuma tikitin jirgin mai hali da ya fita tattaki ba ya cikinsu. Wanda zai fitar da zakkarsa ya miƙa ta ta hanyar da ya tabbata za ta isa ga masu ita cikakkiya. Idan yana son ƙarfafa wa ɗan'uwansa gwiwa a kan tafiyar, ya yi da sadakar ganin dama.

Akwai masu sukar al'adar daga tushe. Suna cewa, mutumin da ke da fam 1,500 na kashewa a tafiya, da ya miƙa su ga yaran ya zauna gida, ai da an huta. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba mu ga amfanin kauce mata ba. Amma tana ɗauka cewa kuɗin za su fito ko da tafiya ko babu, wanda a zahiri ba haka yake ba. Mutumin da ma hutu zai je da kuɗinsa, abokan aikinsa hamsin kuma da babu wanda zai ba da ko sisi a wannan wata. Idan tafiyar ta fito da fam 1,500 da ba za su taɓa fitowa ba, yaran sun ci riba. Inda sukar ta yi gaskiya shi ne wajen wanda ya kasa tara komai sai daga iyayensa da matarsa, waɗanda da ma za su bayar: shi kam ya rage wa yaran rabo ne, ya yi yawon shaƙatawa da saura. Batun nuna kai kuma, na hotuna a kan tudu da yabon da ke biyo baya, tsarin ba ya aiki sai da shela, don haka ba za mu yanke wa kowa hukunci a kan abin da ke zuciyarsa ba. Shi dai ya san kansa.

Don a ga nauyin abin da ya rage, mu auna shi da abin da muka sani. Yaron da tamowa ta kama sosai ana yi masa magani da wani haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut. Likitan Faransa André Briend ne ya ƙirƙiro shi tare da kamfanin Nutriset a 1996, kuma a yunwar 2005 a Nijar, musamman a jihar Maraɗi, aka yi amfani da shi ga dubun-dubatar yara a lokaci guda, uwa ta karɓa ta tafi gida ta ba ɗanta ba sai an kwantar da shi ba. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne. Katan ɗaya mai ƙunshi 150 yakan ishi yaro ɗaya na mako shida zuwa takwas, kuma farashinsa a 'yan shekarun nan yana tsakanin dala 40 da 50. Fam 1,500 na misalinmu ke nan sun kai kimanin katan 40, kafin a cire kuɗin dako da albashin ma'aikatan jinya. Yara 40 ba abin rainawa ba ne. Amma da wannan ma'auni, rabin da ya tafi ga jirgi da raƙumi shi ma yara 40 ne.

Masu hamadar

A hotunan da ake aikawa gida ba kasafai ake ganin mutumin da ke jan akala ba. Shi ne ya tashi kafin kowa ya ɗaure kaya, ya taka duk kilomitar da baƙin suka taka, sau da yawa da silifa, ya kafa tanti kafin su iso, kuma idan sun koma Marrakesh shi zai juya da raƙuma ya jira rukuni na gaba. Babu wanda ke ba da gudummawa da sunan tafiyarsa. Ladansa na yini ne da ɗan abin da baƙi suka haɗa masa ranar rabuwa. Shi ma yana da 'ya'ya, kuma tafiyar da aka shirya don yara amma ta danne haƙƙin uban wasu yaran ba ta cika ba. Kamfani nagari yana iya faɗin abin da yake biyan jagorori da masu raƙuma idan an tambaye shi.

Mu ma muna da irinsu. Ayarin gishiri na Abzinawa yakan tashi daga Abzin wajen watan Oktoba, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, fiye da kilomita 500, ɗauke da gero da harawar raƙuma, ya komo da kantun gishiri da dabino, daga baya a gangaro da su kasuwannin ƙasar Hausa. Madugu ba ya tsayar da ayari tun safe har dare, ana ci ana sha ana tafiya, domin kowane yini na ƙari ruwa ne da harawa da ba a da su. Abin da baƙo ke kira gwajin rayuwarsa, wajen waɗannan bayin Allah somin-taɓi ne.

Akwai kuma masu shiga hamadar ba jagora ba likita. A watan Oktoba 2013 motoci biyu da suka tashi daga Arlit zuwa Tamanrasat a Aljeriya suka lalace a hanya. Aka tsinci gawa 92, ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Da yawansu daga yankin Kantce ne a jihar Damagaram, talauci ya fito da su neman abinci. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗannan yaran da irinsu su ne waɗanda ake ambata a takardun neman gudummawa, kuma kuɗin da zai amfane su shi ne wanda ya isa ƙauyensu kafin uwa ta yanke shawarar hawa motar: abinci a rumbu, magani a asibitin karkara, makarantar da ke riƙe yaro. Shi ya sa wasu jagororin Maroko ke hana baƙi raba wa yaran ƙauyuka alewa da biro da kuɗi a kan hanya, don yaron da ya gane tare hanyar baƙi ta fi aji riba, gobe ba za a gan shi a aji ba.

Idan saƙon neman gudummawa ya zo wa ɗayanmu daga ɗa ko ƙane da ke Turai, babu laifi a yi masa addu'a kuma a yi masa tambaya. Wace ƙungiya ce, kuma wane aiki take yi wa yara, a wace ƙasa? Kai ka biya kuɗin tafiyarka ko daga cikin gudummawar za a cire, kuma nawa? Kuɗin asusun ƙungiyar za su faɗa ko naka? Idan ciwo ya hana ka tafiya, ina za su? Wanda ya shirya da gaske ba zai ji haushi ba, amsar tana bakinsa. Ɗalibanmu masu jin Turanci kuma suna iya bincika wa iyaye da kansu: a Ingila da Wales kowace ƙungiyar agaji mai rajista tana da lamba a wurin hukumar Charity Commission, kuma wadda kuɗin shigarta ya wuce fam 25,000 a shekara dole ta miƙa lissafinta, wanda kowa ke iya dubawa kyauta ya ga nawa ya shigo da nawa aka kashe a kan aikin da aka roƙi kuɗin dominsa.